Sanarwar da Na Riƙe

A gidan labaran da nake aiki, ni na gina manhajar da ke kai labari cikin wayoyin mutane. Amma in ka tambayi mai gadi ina ofishin injiniya, wurin Dogo zai nuna maka. In ka ce a'a, macen kake nema, sai ya ce, "Au, mai gyaran waya? Tana can ƙarshen baranda, kusa da ɗakin shayi." Dogo abokin aikina ne, mutumin kirki, magidanci mai 'ya'ya huɗu, amma a bayana ya zo gidan, kuma teburinsa ne ke kusa da taga.

Ban hana kowa kirana abin da ya ga dama ba, amma raina yana ɓaci, kuma ba na ɓoyewa. Na yi karatun da ya sa ni sa tabarau tun ban yi aure ba, na rubuta abin da mutane ke farkawa da shi su kwanta da shi, sai ga edita ya shigo ya dire min waya a kan tebur kamar wanda ya kawo wanki, ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ta caji." Nakan tura masa ita da gindin biro in ce kasuwa na nan a buɗe. A gida ma ban tsira ba. Ummata har yau in ƙawayenta sun tambayi aikina, cewa take, "Tana can tana haɗa musu wayoyin lantarki." Maigidana ne kaɗai ya gane aikin, shi ma don ya gaji da kallon ƙeyata ne.

Mutum ɗaya ce nake karɓar wayarta da hannu biyu, Gwaggo, matar Baba Mai Labarai. Baba shi ne tsohon mai karanta labarai na gidan, tun gidan yana rediyo zalla, tun mutane na saita agogo da muryarsa. Ranar da aka yi masa taron ritaya, Gwaggo ta kamo hannuna a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, an ce ke kika sa gidan nan a cikin waya. Sa min shi a tawa." Ta ciro wata tsohuwar waya daga jaka, fuskarta a tsage ta gefe ɗaya, an ɗaure bayanta da roba. Ba ta kira da ita, tana da wata ta kira. Wannan kuwa rediyona take ce mata. Tun daga ranar, duk sanda rediyon ya yi gardama, Auta, ƙaramar 'yarsu, takan kawo min shi har gida.

Waya irin ta Gwaggo ba ta iya ɗaukar sabuwar manhajarmu. Don haka manhajar biyu ce, sabuwa mai hotuna da bidiyo, da tsohuwa mara nauyi ta masu tsofaffin wayoyi. Babban Edita, wanda a bayan idonsa muke kira Maza-maza, ya so a rufe tsohuwar tuntuni. Na ƙi, a gaban kowa, a wurin taro. Ya ce, "To in renon tsofaffi kike so, ki yi shi a lokacin hutunki." Na kuwa yi. Ba wanda ya taɓa leƙa cikinta sai ni. Ko Dogo, in na ce zo ka gani, sai ya tuna yana da kira. Akwai kuma abin da tsohuwar ta riƙe wanda sabuwar ta yar. In labari mai zafi ya faɗo, ba ƙara take yi ba, muryar Baba ce ke fitowa, wadda aka naɗa tun yana aiki, ta ce, "Jama'a, ga labari."

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ina fama da wani bidiyo da ya ƙi buɗewa, sai wayata ta yi ƙara. Auta ce. Na ɗauka rediyon ne ya sake tsiya, har na shirya tsokanarta.

"Yaya," ta ce, muryarta a dishe, "Baba ya rasu. Yanzun nan, a asibiti."

Na fara salati, ta katse ni.

"Yaya, ki saurare ni, ba ni da lokaci. Mama ba ta sani ba. Ta je duba ƙanwarta a wani gari, wanmu ya ɗauko ta, suna hanya. Ce mata aka yi jikin Baba ya tashi. Likitanta ya ce kada a kuskura a faɗa mata a mota da wannan zuciyar tata, sai ta zo ta zauna yana kusa. Wanmu ya kashe rediyon mota, ya karɓi wayar kiranta wai zai sa mata caji. Amma waccan tsohuwar, rediyon nata, tana hannunta, ta ƙi saki. In ya ƙwace, ta gane."

"Kin kira Babban Edita?"

"Na kira. Ya ce zai duba. Yaya, na san irin dubawarsa. Don girman Allah."

"Sun kusa?"

"Sun wuce rabi. Abin da na sani ke nan."

Na ce ta kira ni da zarar an faɗa wa Gwaggo. Na suri ƙaramar kwamfutata, takalmina ɗaya ma a hanya na ƙarasa sa shi.

Ɗakin labarai dogon ɗaki ne, teburi a jere, talabijin a manne a bango ana kallon sauran gidaje ba murya, ga na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin bokiti tun zuwana gidan. Kullum kamar tasha yake don hayaniya. Ranar na tarar da shi tsit, kowa a tsaye. Akwai abin da gidajen labarai ke yi da ba a cika faɗa wa na waje ba: ana rubuta labarin rasuwar sanannun mutane tun suna raye, a ajiye, don ranar kada a yi ta lalube. Na Baba ma yana nan. Shi da kansa ya taɓa karanta shi, ya gyara shekarar da ya fara aiki, ya ce hoton ya sa shi ya yi kama da mai ciwon haƙori, a canza. Yanzu ga shi a buɗe a gaban editan da ke kan aiki, an cike ranar, saura a danna. Maza-maza na tsaye a bayansa, idanunsa jajur.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Ba yanzu ba, Injiniya." Ba ya kirana Injiniya sai yana so in ɓace masa da gani.

"Yanzu ne. In aka danna wannan, maganar ta ƙare."

Na faɗa masa abin da Auta ta ce, a gaban kowa, ban rage ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya nuna bango. Ɗaya daga cikin talabijin ɗin har ya sa hoton Baba da baƙin layi a ƙasa.

"Na tausaya wa yarinyar nan, Allah ya sani. Amma dubi can. Mutumin nan a gidan nan ya tsufa. Shi ya koya min yadda ake numfashi a gaban makirufo. A ce kowa ya faɗi rasuwarsa, gidansa ya yi gum? Da yana nan, shi zai fara wanke ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Wannan ne ma ya ƙara min haushi, na fi son faɗa da wanda ba shi da hujja.

"To ga mafita," ya ce. "Cire wayarta ita kaɗai, a tura wa saura."

"Ba zan iya ba. Manhajar ba ta san sunan kowa ba, ba ta san lambar kowa ba."

"Kin ga taurin kanki ko? Da kin bari mun karɓi sunaye lokacin da na ce a karɓa…"

"Da yanzu duk wani mai kujera da labari ya ɓata wa rai ya zo ya ce mu ba shi sunayen waɗanda suka karanta. Wannan maganar mun gama ta, ranka ya daɗe. Ba zan iya gano wayarta ba, amma na san irinta, da hannuna na sa mata manhajar. A tura wa masu sabuwar yanzu. Masu tsohuwar a dakata musu har ta isa asibiti."

Ya dube ni kamar na ce a kashe wutar gidan.

"Masu tsofaffin wayoyi? Su wa kike tsammani ke riƙe da su? Masu sauraronsa ne! Waɗanda suka girma da muryarsa. Su ya kamata su fara ji. Ki toshe wa dubban mutane kunne saboda mace ɗaya?"

"Saboda matarsa. Su in sun ji anjima ba abin da zai same su. Ita in aka tura yanzu, muryarsa ce za ta ce mata ga labari, sannan ta karanta cewa ya mutu. A bayan mota, ɗanta na tuƙi."

Wata mai karanta labarai ta toshe bakinta ta fita. Maza-maza ya rufe ido, har na fara tunanin ya sauko. Sai talabijin na biyu ya sa hoton, wani ya ce, "Su ma sun saka." Ya buɗe ido.

"A tura. Duka."

Na dire kwamfutata a kan teburin editan, a kan takardunsa. A gabansu na shiga inda ake raba saƙo zuwa wayoyi, na rufe hanyar da ke zuwa tsohuwar manhaja. Ban yi a ɓoye ba, kuma da gangan na juya fuskar kwamfutar yadda Maza-maza zai gani. Ba na so gobe a ce na'ura ce ta samu matsala, na'urata lafiyarta ƙalau.

"Yanzu danna," na ce wa editan.

Ya dubi ogansa, ya dube ni, ya danna. Wayoyin ɗakin suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. A bango akwai allon da ke nuna yawan wayoyin da saƙo ya isa. Lambar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, sai ta tsaya cak, nesa da inda ta saba kaiwa.

"Buɗe," in ji Maza-maza.

"A'a, ranka ya daɗe."

"Umarni nake ba ki."

"Na ji umarnin. Ba zan buɗe ba sai Auta ta kira."

Kada wani ya ɗauka jarumta ce ke ɗawainiya da ni. Tsoro nake ji. Ina son aikin nan kamar me. Na san kuma yadda ake yi da mace in ta bar wuri da sunan mai taurin kai, labarin yakan riga ta isa duk inda za ta nemi aiki. Amma duk sanda na yi niyyar sassautawa sai in ga robar nan da aka ɗaure bayan wayar da ita.

Daga can baya wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Matsalar mata ke nan, tausayi ya fi aikin yawa."

Na juya. "Wanda ya faɗa ya maimaita da ƙarfi, mu san shi." Ba wanda ya motsa. "Da Dogo ne ya yi wannan, da kun ce namiji ne mai tsayawa a kan magana ɗaya. Ni kuma tausayi ne. To, tausayin ne, ku rubuta a labarin rana."

Ambaton Dogo ya tuna wa Maza-maza cewa yana da wani injiniyan. Ya aika aka kira shi. Dogo ya shigo da kofin shayi a hannu, ya ga fuskoki, ya nemi inda zai ajiye kofin ya rasa.

"Zauna ka buɗe abin da ta rufe."

Dogo ya zauna a wata kujera mai karyayyen hannu, ya jawo kwamfutar editan, ya shiga. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sosa gemu.

"Ranka ya daɗe, wannan ɓangaren ban taɓa shigarsa ba."

"Kai ba injiniya ba ne?"

"Injiniya ne. Amma ɗakin da ba ka taɓa shiga ba, ko makunnin fitila sai ka laluba. In na taɓa inda ba shi ba, sai in tura musu labarin bara." Ya ɗago ya dube ni a marairaice. "Hajiyata, ta ina ake…"

"Ka nema. Sau nawa na ce zo ka gani?"

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Ɗakin gaba ɗaya ya juyo. Na duba, Umma ce. Na so in kashe, amma Umma in ka kashe mata kira, sai ta kira maigidanka, ta kira maƙwabcinsa.

"Ke, abin naki ya mutu," ta ce, ko sallama babu. Ita ma tsohuwar waya gare ta, ta ƙi a canza mata. "Ta maƙwabciyata ta yi kuka, wai mai labarai ya rasu, tawa shiru. Ko wuta aka ɗauke muku?"

"Umma, ni na riƙe shi."

"Kin riƙe? Naki ne da za ki riƙe?"

Na kare bakina da hannu na faɗa mata a gajarce.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "To riƙe da kyau. In sun kore ki, ba a kanki aka fara ba. Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Ban ci ba, amma tsoron ya ragu.

Lokaci ya yi ta ja. Rediyonmu ya riga ya sanar, shafinmu ya sanar, sai tsohuwar manhaja kaɗai ta yi shiru. Wayar teburin ɗakin labarai ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, tsofaffi ne ke kira. Editan ya riƙa ɗauka yana cewa, "Eh, Baba, gaskiya ne. Eh, Allah ya yi masa rasuwa." Wani dattijo har muna jin muryarsa daga nesa, yana cewa shi bai yarda ba, ƙaryar 'yan zamani ce, ai tasa wayar ba ta faɗa ba.

Maza-maza ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin ji? Mutanen nan sun yarda da mu har shirunmu ma labari ne a wurinsu. Kin mai da shirunmu ƙarya."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"Buɗe yanzu, mu manta an yi," ya ce. "In ba haka ba, ki ajiye katinki na aiki. Dakatarwa ce, sauran magana sai shugabannin gidan sun zauna, kuma kin san yadda zaman zai ƙare."

"Zan ajiye katin. Bayan Auta ta kira."

Sai Dogo ya yi gyaran murya. Ban san ko ya so ya samu wurin ba, amma shi ba ya iya ƙarya, ko ta wasa. "Na… ga shi nan," ya ce, kamar mai ba da haƙuri.

"Danna," in ji Maza-maza.

Ban san sanda na isa teburin ba. Na shimfiɗa tafin hannuna a kan madannan kwamfutar, tsakanin hannayen Dogo.

"Duk wanda zai tura, sai ya fara ɗaga hannun nan."

Dogo ya ja kujerarsa baya da sauri har shayin ya zube. A fuskarsa na ga sauƙi ƙarara. "Ranka ya daɗe, ni dai ba zan taɓa hannun matar mutane ba."

Maza-maza ya dubi editan, editan ya dubi bokitin da ruwa ke ɗiga. Maza sun fi goma a ɗakin, duk suka zama masu kunya a lokaci ɗaya. Haka muka tsaya, ni a sunkuye, bayana na ciwo, gyalena ya zame ban da hannun gyara shi, shi kuma yana numfashi a kaina.

Da wayar ta sake ƙara, da hannun hagu na ɗauka. Auta ce. Na sa ta a lasifika na ajiye a kan tebur, don kada wani ya ce ni na ƙirƙira.

"Yaya, sun iso. Likita na nan. Na faɗa mata."

"Ya jikinta?"

"Tana zaune. Tana kuka, amma tana zaune, tana riƙe da hannuna." Ta ja numfashi. "Yaya, wanmu ya ce duk hanya wayar na kan cinyarta, tana dubawa. Tana ce masa, ka daina gudu da mu, babanku na nan da ransa, da wani abu ya same shi da gidansa sun faɗa."

Maza-maza ya zauna a gefen tebur, ya cire tabarau. Ban san wane ne a cikinmu maganar ta fi duka ba. Ni dai hawaye suka zubo min, na bar su, hannuna har yanzu yana kan madannan.

Daga nesa, a cikin wayar, muka ji muryar Gwaggo a raunane. "Da wa kike magana? 'Yar nan ce? Ce mata su faɗa wa mutane. Kada su bar su a tsaye."

Na ɗaga hannuna. Na jawo kwamfutata, na buɗe hanyar da kaina, na tura. Lambar da ke bango ta motsa, ta ci gaba da hawa.

Maza-maza bai dube ni ba. Ya goge tabaransa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Katin, Injiniya."

Na cire shi daga wuyana na ajiye a gabansa.

"Ranka ya daɗe, kafin su zauna, ka faɗa musu wannan don kada su ɓata lokacinsu suna jiran in ba da haƙuri. In ta sake faruwa gobe, haka zan sake yi."

Na gyara gyalena, na ɗauki jakata a ofis, na fito. A bakin titi na kira maigidana na ce masa yau kada ya baro aiki, ni zan ɗauko yara daga makaranta.